GEMU BA YA HANA ILIMI, BAƘUNTA MA BA TA HANAWA

'Yan uwa magidanta na Dapchi, Gashuwa da Nguru.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu, kuma lokaci ya yi da za mu murƙushe ta. Duk sa'ad da ƙungiya ta kawo batun buɗe ajin yamma inda uwa ko uba zai zauna da ɗansa su yi karatu tare, sai wani ya gyara hula ya ce: "Mu fa baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, mu bi a hankali." To jama'a, wace irin raɓa ce ke kwana shekara casa'in ba ta bushe ba? Tun 1930 da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano kakannin wasunmu ke fataucin gyaɗa da fata da kifi a wannan yanki. A nan aka binne su, a nan aka yanke mana cibiya, a nan muke biyan kuɗin rumfa.

Ga abin da doka ta ce, don kada a ce son rai ne. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsu. Sashe na 18 kuma ya ɗora wa gwamnati samar da karatun manya kyauta gwargwadon hali. Ba inda aka ce sai mai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma zai koyi baƙi da wasali.

Sannan ga dokar UBE ta 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Uban da ya ƙi kai ɗansa za a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Madalla. Amma muna tambaya: dokar da ta san uba a wajen tara, me ya sa za a manta da shi a wajen koyarwa? Yaro ya dawo da aikin gida, uwa ta juya littafin ba ta gane komai ba. An kawo sakamakon jarrabawa, uba ya sa a aljihu har sai ya sami mai karanta masa. Mai hali ya ɗauko malamin lesin, ɗan mai tura kura kuwa ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba. Daga nan a ce yaron daƙiƙi ne.

Kuma kada wani ya kira iyayen nan jahilai. Da yawansu sun sauke Alƙur'ani, suna rubuta bashin kantinsu da ajami. Boko kawai ya tsere musu, shi ne kuwa ake rubuta takardar fili da ta asibiti da ta banki da shi. Mutum nawa ne a cikinmu suka dangwala babban yatsa a kan takardar da ba su san abin da ke ciki ba?

Masu cewa tsoro ya hana, ba mu raina tsoronsu ba. Ba wanda ya manta 19 ga Fabrairun 2018, ranar da aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya ta 'yan mata a nan Dapchi, biyar ba su dawo da rai ba. Sai dai abin da maharan suke so ke nan, mu juya wa makaranta baya. Uwar da ke shiga aji duk mako ta san malamai, ta san inda katanga ta rushe, ita ce kuma za ta fara ɗaga murya.

Abin ma ba baƙo ba ne a Arewa. Tun shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a gindin bishiya da zauren mai unguwa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, tarayya ta kafa tata a 1990. A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a Yobe. Muna cewa gyaran ba zai cika ba muddin an bar iyaye a bakin ƙofa.

Buƙatarmu ba ta da yawa. Azuzuwan firamare a kulle suke daga azahar. A ba mu aji biyu ranakun Alhamis da Juma'a, daga la'asar zuwa gab da magariba, lokacin da makarantun allo ke hutu. Malama ta koyar da mata, malami ya koyar da maza, kowa da ɗansa a gefe. A buɗe wa kowa, Bamange da Babade da Bafulatani da Bahaushe, ba tare da tambayar garin kakan wani ba. Alli da littafin rubutu mun ɗauke, daga kuɗin wata-wata.

Takardar da za mu kai wa sakatarorin ilimi na Bursari da Bade da Nguru tana hannun wakilan unguwanni. Kowane magidanci ya sa hannu, ya kuma rubuta sunan matarsa idan tana so. Wanda bai iya ba ya dangwala yatsa a wannan karon, baɗi in Allah ya kai mu ya rubuta sunansa da kansa.

Allah Ya yi mana jagora, amin.

Sakataren Ƙungiya