Idan Za Ku Yankari, Ku Je Da Bazara

Kusan kowace shekara sai wani malamin sakandare ya zo ofishina yana neman shawara a kan kai ɗalibai gandun daji. Tambayarsa ba ta wuce kuɗin mota da wurin kwana. Da wuya ka ji wanda ya tambayi watan da ya dace a tafi, alhali kuwa wannan ita ce tambayar da za ta raba tsakanin ziyarar ilimi da asarar kuɗin iyayen yara. Galibi an riga an yanke cewa sai dogon hutu, wato Agusta, tsakiyar damina ke nan. A ganina babu lokacin da ya kai wannan rashin dacewa.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure, ina sabon malami. Na ɗebi ɗalibaina cikin Agusta muka nufi Yankari, na cika su da labarin giwa da ɓauna tun daga hanya. Kwana biyu muna zagaye, ba mu ga komai ba sai ciyawa, sai kuma gwaggon birin da ya fizge burodi daga hannun wata ɗaliba. Laifin nawa ne, domin na san ilimin da ya kamata ya hana ni, ban yi aiki da shi ba.

Ilimin kuwa ba mai wuya ba ne: ruwa shi ke juya rayuwar naman daji. Gandun Yankari, wanda ke Jihar Bauci, an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Mai karatu ya auna wannan fili a zuciyarsa. Daga Mayu zuwa Satumba, sa'ad da ake ruwan sama, kowane kwari da kowane rami a cikinsa tafki ne. Dabba ba ta da dalilin zuwa inda mutum zai gan ta. Duk inda ta juya akwai sha, akwai ci. Sai garken ya watsu, har wasu giwayen su fice daga gandun su faɗa gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Ga kuma gamba ta yi tsawon da ya shanye mutum, itatuwa sun yi duhu da ganye. Ɓauna na iya tsayawa taku ashirin daga motarka ba ka sani ba. Hanyoyin cikin dajin ma sukan cika da laka, mota ta kafe.

Da rani ya shigo sai al'amarin ya juye. Tafkuna su ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta bushe ta kwanta ko wuta ta cinye ta, itatuwa da yawa su zubar da ganye domin rage asarar ruwa. Abin da ya rage shi ne Kogin Gaji da fadamarsa, wanda ya ratsa gandun kuma ba ya ƙafewa. Babbar giwa na iya shan fiye da lita 100 a yini, kuma tana bukatar taɓo ta shafa a jiki, saboda ba ta zufa irin tamu. Da fifita kunnuwa da wanka take rage zafi. Ɓauna sai ta sha kusan kullum. Gwambaza ba ta nisa da ruwa ko kaɗan, gwanki da mazo da mugun dawa su ma dole su sauko, dorina da kada kuwa dama can suke. Ashe ke nan ƙishirwa ta tattaro maka dabbobin wannan makeken daji a wani ɗan siririn kwari. Wannan taro yakan kai ƙarshensa daga wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka.

Wani zai ce, me ya hana a je cikin hunturu, Disamba ko Janairu, lokacin da gari ya yi sanyi kuma ga hutu? Ban ƙi ba, ya fi damina nesa ba kusa ba. Mai sha'awar tsuntsaye ma zai ji daɗinsa, domin an lissafa fiye da iri 350 a gandun, cikinsu har da baƙin da ke gudo wa sanyin Turai. Amma a lokacin akwai sauran ruwa a wurare, dabbobi ba su gama matsowa ba, ga hazo yana rage nisan gani. Kuma lokacin bukukuwa ne, sansanin Wikki yakan cika da jama'a da hayaniya.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini ita ce zafi, kuma ba zan raina ta ba. A Maris da Afrilu zafin rana kan kai digiri 40, lokacin sanƙarau ne kuma, ba a son cunkusa yara a ɗaki marar iska. Malamin da ya ɗauki amanar 'ya'yan mutane tilas ya tanadi ruwan sha fiye da yadda yake zato, da huluna, ya kuma duba ko azumi ya faɗo cikin kwanakin. Sai dai dabbobin ma gudun ranar suke yi. Da hantsi ya ɗaga kowa ya nemi inuwa, saboda haka fita biyu ce mai amfani: da sassafe, da kuma bayan la'asar. Tsakiyar rana a bar yara su huta a gindin itatuwan da ke bakin maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wannan kansa darasi ne. A tambaye su dalilin da ya sa ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse bai damu da canjin yanayi ba.

Kada kuma a yi wa yara alkawarin zaki. Kaɗan ne suka rage, kuma dare ne lokacinsu. Idan an dace da sawunsa a kan yashi, a tsaya a auna, a zana a littafi.

Ban ce damina ba ta da amfani ba. Wanda darasinsa tsirrai ne, ko ƙwari, ko kwaɗi, to, lokacinsa ke nan, kuma ba sai ya je Bauci ba, fadamar bayan makaranta ta ishe shi. Amma shugaban makarantar da ke son ɗalibansa su ga giwa da idonsu, ya ware kwana uku a zango na biyu, cikin Maris, kafin jarrabawar 'yan aji shida ta matso, ya kuma aika a kama masauki tun watan Janairu.