Allo Biyu Sun Ishi Marubuci



Kwanan nan hotunan teburan aiki sun yawaita a tsakaninmu: laftof a tsakiya, manyan alluna biyu ko uku sun kewaye ta kamar ofishin manajan banki. Masu tasowa da dama suna tambayar yadda ake haɗa su. Za mu faɗa, amma ga ra'ayinmu tun da wuri: allo ɗaya ƙari a kan na laftof ya ishi marubuci. Kuɗin na uku gara a miƙa wa mai tace rubutu.

Amfanin allo na biyu a wajen gyara yake fitowa. Tsohon kwafi a hagu, sabo a dama, ido na tafiya tsakaninsu ba sai an rufe wannan an buɗe wancan ba. Mai fassara ya fi kowa sanin daɗinsa. Haka wadda ta rubuta labarinta a waya shafi-shafi tana turawa WhatsApp, yanzu take son tattara shi ya zama littafi. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa: a ƙaramin allo mai inci 13 ko 14, idan ido ya gaji, "kafa" da "ƙafa" ɗaya suke, haka "bari" da "ɓari". A allo mai inci 24 kuskuren da kansa yake ɗaga hannu. Idan ƙafar monitar tana juyawa, a tsayar da ita a tsaye, a sauya kwanciyar hoton a saitin allo, sai shafin A4 ya fito sukutum kamar yadda zai fita daga injin ɗab'i.

Haɗawar ba wuya. A duba gefen laftof. Idan akwai ramin HDMI, waya ɗaya ta gama magana. Idan monitar tsohuwa ce mai VGA, mai shuɗin kan nan, sai an nemi ɗan abin da ke juya HDMI zuwa VGA, kuma a lura, hanya ɗaya yake bi, wanda ke juya VGA zuwa HDMI daban ne. A Windows sai a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi "Extend". Wanda ya bar shi a "Duplicate" abu ɗaya zai gani a allunan biyu. Daga nan a shiga saitin allo a ja hotunan allunan su yi daidai da zamansu a tebur, don kada kibiya ta riƙa ɓacewa ta hagu alhali monitar tana dama.

A allo na uku ake tafka asara, kuma mun ɗanɗana. A ƙungiyarmu mun taɓa yin karo-karo muka sayi monita biyu 'yan gwanjo don aikin wani kundin gajerun labarai. Laftof ɗin ramin HDMI ɗaya gare ta, mai shago ya ba mu wani ɗan akwati mai shiga ɗaya fita biyu, ya ce shi ke nan. Muka dawo muka jona, sai ga shafi ɗaya a allunan biyu kamar tagwaye. Ashe aikin akwatin ke nan, raba hoto ɗaya gida biyu, ba ya ƙara fili. Da muka mayar aka ce kayan da aka buɗe ba a karɓa.

Hanyar gaskiya ita ce kowane allo ya samu mafitarsa. Wasu tsofaffin laftof na ofis suna da HDMI ko DisplayPort tare da VGA, waɗannan sukan ɗauki biyu kai tsaye. Sababbi kuma sun koma USB-C, sai dai ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba, wani caji da fayil kawai ya sani. A nemi bayanin samfurin laftof ɗin a intanet kafin a ciro kuɗi. Tsada ma ba ta ba da tabbaci: MacBook Air mai M1 da ta fito a 2020 allo ɗaya tak take ɗauka daga waje. Akwai na'urori masu fasahar DisplayLink da ke zagaye wannan iyaka ta USB, amma sai an girka manhajarsu, kuma wani kashe kuɗin ne daban.

Sai maganar wuta, wadda masu ɗora hotunan ba sa faɗa. Laftof na da batir, monita ba ta da shi. Kowace mai inci 24 tana jan kimanin wat 20 zuwa 30, mai lallaɓa ƙaramar sola ya san ba wasa ba ne. In NEPA ta ɗauke kuma, wani lokaci rubutunka yana can maƙale a allon da ya mutu. Maganinsa Windows da P ɗin nan, a zaɓi "PC screen only".

Mu faɗa wa kanmu gaskiya kuma: in an samu allo na ukun, me ke zama a kai? Facebook ne, ko wasan ƙwallo. Labari na hagu yana jiran babi na tara, ido na dama. Mai tsara shafukan littafi, da mai zana bango, da mai sa wa finafinan Kannywood fassara, su suna da hujja, wannan sana'arsu ce, ba da su muke ba.

Wanda bai taɓa gwadawa ba, kada ya sayi komai tukuna. Yawancin talabijin na bango da ke falonmu suna da HDMI. A ari waya a jona, a tace babi ɗaya a kai a ga ko aikin ya ƙara sauri. In ya gamsar, ranar sayen monita a tafi shago da laftof a jaka, a jona a gaban mai kaya, a ja shafin Word daga wannan allo zuwa wancan, sannan a biya.