Mu Nemi Takardun Gonakinmu Tun Da Rani

'Yan'uwa, a ƙasar Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa gona tana manne da gona, iyaka kuwa sau da yawa layin gamba ce kawai. Ranar da dattijon da ya san iyakar ya kwanta dama, sai rigima ta tashi da faɗuwar ruwan shuka, marayu da gwauraye kuma su ne ke asara.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan gonakin karkara. Saboda haka mu fara da mai unguwa da dagaci su shaida, sa'an nan mu nufi sashen filaye na sakatariya. In an taɓa shari'a a kan gonar, mu nemi kwafin hukuncin wurin magatakardan kotun. Mu kai buƙatarmu a rubuce, mu riƙe kwafi, mu karɓi rasit na kowane kobo. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ɗiba wa hukuma kwana 7 ta ba da amsa.

Waɗansu na ganin neman takarda rashin yarda da dangi ne. A'a, ita ce ke kare zumunci. Mu tashi tun ba a ɗauki garma ba.