Kafin ku biya kuɗin lektar, a gwada kilenku

Ƙorafin nan ya yi yawa: ɗa yana Libiya ko Agadas, ya turo bidiyo ta WhatsApp, an kai wa mai turi ya zuba a kile USB, an soka a lektar DVD, tsohuwa ta gyara zama gaban tele, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Waƙa na tashi, hoto na fitowa, bidiyon ne kawai ya ƙi.

Mu dai mun ce a daina zagin yaron da ke turi, ba laifinsa ba ne. Yawancin lektar da ke gidajenmu MP3 suka sani, da hoton JPEG, da fim na DivX ko AVI. Salula kuwa MP4 take ɗauka, kuma tsoffin lektar da yawa ba su karanta shi. Saƙon murya na WhatsApp ma ba MP3 ba ne. Sai an juya su a ordinatar.

Saboda haka in za ku Tanut sayen sabo, ku tafi da kilenku. A haɗa a gabanku, ku ga ɗanku yana motsi yana magana, sannan ku ƙirga jikkuna. Rubutun kwali ba shaida ba ne, wallahi mun ga mai MP4 ɓaro-ɓaro a jiki ya ƙi.

Wanda ya riga ya saya, ya sa mai turi ya juya masa zuwa AVI. Amma kada a goge na cikin waya a dogara da faifai, ƙurar Damargu ba ta raga wa CD.