Man Giyar Injin Kwale-kwale Ba Na Har Abada Ba Ne

Wani ya rubuta cewa canza man giyar injin kwale-kwale ɓarnar kuɗi ce. Hujjarsa: giyar a rufe take, ba ta ƙona mai, sai ya ragu a ƙara. Ya kuma ce baƙin man mota ya isa a gauraya da fetur.

A rufe da me? Da 'yar roba a bayan farfela, wadda ke wuni cikin ruwa. Zaren koma ko igiyar fatsa kan naɗe a sandar farfela, ya ci robar, ruwa ya kutsa. Ta ina mai jirgi zai ga man ya ragu, alhali ruwa ya cike gurbin? A kwance notin ƙasa a gani. In man ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, haƙoran giya na iya fara cin juna. Shi ya sa Yamaha ta ce a canza shi duk bayan awa 100, da man SAE 90, a ɗura ta ƙasa har ya leƙo ta ramin sama. Jirgin da ke jigilar 'yan kasuwa a Yawuri kullum, mako nawa zai yi ya cinye awa 100?

Maganar baƙin mai ta fi muni. Injin gauraye ƙona mansa yake yi tare da fetur, man mota kuwa ba don ƙonawa aka yi shi ba. Toka yake bari, fulogi ya toshe, ringin fistan ya kame. Nasa man shi ne TC-W3, galibi rabin lita ga lita 25 ta fetur.

Mota in ta mutu, a gangara da ita gefen titi. A tsakiyar tafkin Kainji, cike da fasinja da buhuna, wane gefe marubucin zai gangara?