Koren ƙyalle da dabarar raba hoto

Abin da a da sai manyan kamfanonin sinima ke iyawa, yau yaro mai wayar salula yana yin sa a zaure. Cikin dabarun da samari ke koyo, biyu sun cancanci ƴan kasuwa da ma'aikata su san sirrinsu.

Ta farko ita ce raba hoto, kuma tsohuwa ce. Da ita aka mai da Hayley Mills tagwaye cikin fim ɗin The Parent Trap na 1961. Ana kafe kamara wuri guda, a ɗauki mutum yana dama, a sake ɗaukarsa yana hagu, sa'annan wurin montaj a haɗa rabi da rabi. Asiri kan tonu in hannu ya ƙetare iyakar tsakiya, ko rana ta gusa tsakanin ɗauka biyun.

Ta biyu ta fi wuya. Da shuɗin bango aka fara, har Larry Butler ya sami kyautar Oscar saboda aikinsa cikin The Thief of Bagdad na 1940. Daga baya aka fi karkata ga kore, domin ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam, kuma idon kamarar zamani ya fi jin sa. Na'ura tana share kore duk inda ta gan shi, ta sa wani hoto a gurbinsa. Haka mai bayanin yanayi a talabijin ke nuna taswirar da babu ita a bayansa. Ba ta kuwa san girma ba. Alhajin da ya zo da koriyar babbar riga, kai da hannuwa kaɗai za a ga suna yawo. Tutar Nijar ma sai ta rasa zirinta na ƙasa.

CapCut da KineMaster duk suna wannan aiki cikin waya, amma rabin sana'ar ba a waya take ba. Dole ƙyallen ya sha guga, haske ya bazu a kansa daidai wa daida, mutum kuma ya tsaya kamar mita 2 daga gare shi don kada inuwarsa ta faɗa bisa.

Ga mai shago a Maraɗi ko Damagaram, wannan talla ce mai araha. Sai dai da ƙyallen nan ne macuci ke iya tsayawa gaban siton shinkafa da ba nasa ba, ya nemi a aiko da kafin alƙalami. Wanda irin wannan bidiyo ta iske, ya dubi gefen hula ko akwai siririn kore, ya kuma dubi ƙafafun mai magana: a aikin gaggawa, sau da yawa ba su da inuwa a ƙasa.