Kada Mu Raina Tsohuwar Mota

Ranar ziyarar iyaye ta zangon da ya wuce, ina tsaye a bakin ƙofar makaranta tare da abokaina, sai ga motar mahaifina ta kunno kai. Tun daga nesa na gane ta da ƙarar salansarta. Wani daga cikinmu ya nuna ta ya ce, "Kai, wannan akwalar ta wace ce? Ai ta girmi kakana!" Aka bushe da dariya. Ni ma na taya su, ban ce tamu ce ba, na kuwa laɓe sai da suka watse sa'an nan na je na gai da Baba. Abin nan ya tsaya mini a rai har yau, domin sabulun da ya kawo mini a ranar, da garin kwaki, da kuɗin kashewa, duk daga guminsa da na motar nan suka fito. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a wannan mujalla tamu, ko ba komai in biya bashin kunyar da na ji ba bisa hakki ba.

Ra'ayina kuwa shi ne: yawan tafiyar da mota ta yi ba shi ne ke kashe ta ba, rashin kula ne. Tsohuwar motar da ake kula da ita ta fi sabuwar da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Motarmu Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, doguwar nan mai layin kujeru uku. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, kuma a 1975 aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna. A wannan shekara ce 504 ta lashe tseren motoci na Safari a ƙasar Kenya, inda ake ratsa laka da duwatsu. A zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ita ce motar ofisoshin gwamnati da manyan ma'aikata. An daina harhaɗa ta tun kafin a haife ni, amma ga ta nan tana jigilar mutane tsakanin Bodinga da Sakkwato, wani lokaci har Shagari da Tambuwal.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da malaminmu kullum yana cewa mu yi amfani da abin da muka koya. Daga Bodinga zuwa Sakkwato kimanin kilomita 25 ne, zuwa da dawowa 50 ke nan. Idan Baba ya yi sawu huɗu a yini, ya yi kilomita 200. A kwana shida 1,200, a mako hamsin 60,000. Kewayen duniya duka kimanin kilomita 40,000 ne. Watau motar da aka yi wa dariya takan yi tafiyar da ta kai kewaya duniya sau ɗaya da rabi a shekara guda, ba tare da ta bar Jihar Sakkwato ba. Wannan abin yabo ne ko abin dariya?

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A Amurka an yi wani malamin makaranta mai suna Irv Gordon, wanda ya sayi mota ƙirar Volvo a 1966, ya yi ta hawanta har ya rasu a 2018. Ta yi tafiyar da ta wuce mil miliyan 3, watau kusan kilomita miliyan 5. Su can littafin tarihi suka sa shi, ba su ce masa mai akwala ba. Sirrinsa kuwa bai wuce na direbobin tasharmu masu hankali ba: juye a kan kari, da gyara abu tun yana ƙarami.

Baba yana da wani littafi irin namu na rubutu a aljihun mota. A ciki yake rubuta, da ajami, ranar da ya yi juyen baƙin mai, da ranar da ya sake fulogi, da ranar da aka duba birki. Kowane wata sai ya yi juye, ko da ciniki ko babu. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci sai ya buɗe kan mota ya duba ruwan lagireto da ma'aunin baƙin mai, ya zagaya ya dudduba tayoyi. Lokacin hunturu yakan yawaita kakkaɓe matatar iska, domin ƙurar da ke shiga hancinmu ita ce ke shiga inji ta ci ringi. Lokacin bazara kuwa, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a ƙasarmu, ba ya yarda ruwa ya ragu ko kaɗan. Yakan ce mini, "Ɗiyana, mota kamar doki take. In ka ba ta hakkinta ta kai ka inda za ka."

Sa'an nan mu duba halin da ake ciki. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya kusa ninka uku cikin 'yan kwanaki, darajar Naira kuma ta faɗi. Motar da ake kira 'yar Beljiyam, wadda Turawa suka gama hawa, ita ma ta fi ƙarfin talaka, balle sabuwa fil. To, idan aka ce a jingine tsofaffin motoci, wa zai kai albasar manoman Danchadi kasuwa? Wa zai ɗauki mai naƙuda daga ƙauyukan Sifawa da tsakar dare? Wa zai dawo da mu makaranta bayan hutu? Kuma kada mu manta da kanikawa, da masu faci, da masu walda, da masu sayar da kayan gyara, da yaran da ke koyon sana'a a ƙarƙashinsu. Tsohuwar mota ɗaya tana ciyar da gidaje da yawa.

Na san akwai masu cewa tsofaffin motoci su ne ke hayaƙi, su sha mai, su mutu a daji, su jawo haɗari. Ba zan ce ƙarya suke yi ba, domin na gani da idona. A wani hutu na bi Baba a matsayin yaron mota. Muna dawowa daga Shagari da almuru, cike da fasinja, har da wata tsohuwa marar lafiya da ake son a kai asibiti Sakkwato, sai fanbel ya tsinke, inji ya ɗau zafi, muka tsaya. Mun fi awa biyu a gefen hanya kafin a samo wani daga Bodinga a kan babur. Tsohuwar nan tana nishi, 'yarta tana kuka, ni kuwa ban san inda zan sa kaina ba. Allah Ya taimaka aka kai ta da rai. Da muka koma gida Baba bai zagi mota ba. Cewa ya yi tun mako biyu da suka wuce bakanike ya nuna masa fanbel ɗin ya tsattsage, shi ne ya ce a bari sai an sami kuɗi. Laifin wa ke nan, na mota ko na mai ita? Tun daga ranar ba ya fita sai da wani a ajiye a bayan mota.

Saboda haka ba cewa nake yi duk wata gwangwani a bar ta a kan titi ba. Wadda ƙashinta ya ruɓe, ko birkinta ya ƙi gyaruwa, a sauke ta a sayar da kayanta, gama rai ya fi kuɗi. Abin da nake cewa shi ne a auna mota da lafiyarta, ba da shekarunta ko lambar da ke jikin agogonta ba. Lambar nan ma ba abin dogara ba ce, domin akwai marasa tsoron Allah da ke mayar da ita baya kafin su sayar, mai saye ya yi ta ganin kitse ga rogo.

Ina roƙon iyayenmu masu motoci abu uku. Na farko, kada a jinkirta gyaran birki da taya da fitila. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 1219 na nufin mako na 12 a shekarar 2019. Tayar da ta daɗe tana iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba, musamman a kan kwalta mai zafi. Na biyu, a rage lodin da ya wuce kima. Motar da aka yi don mutum bakwai ko takwas, idan aka cusa mata goma sha biyu da buhunan gero a sama, ai zalunci ne gare ta da waɗanda ke ciki. Na uku, a riƙe littafin gyara, kuma a faɗi gaskiya ranar sayarwa.

Mu kuma ɗalibai, mu daina raina abin da ke ɗauke da mu, mu daina raina sana'ar kanikanci. Ƙasar da ba ta ƙera isassun motoci ba ta da dukiyar da ta fi masu iya gyara su. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai ranar ziyara mai zuwa, in Allah Ya kai mu, ina bakin ƙofa, kuma ni zan fara buɗe wa Baba ƙofar mota a gaban kowa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.